Wadda Ta Riga Sista Nafisat Zuwa Ruga

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, dawa ta ɗara tsayin mutum, gero kuma an fara girbe shi. Sista Nafisat ta gama wanke wa wani yaro miki a garin Gwiwa, ta mayar da almakashinta da audugarta cikin jaka, ta wanke hannu da sabulu kamar yadda aka koya mata. La'asar ta yi sanyi. Aike guda ya rage mata kafin ta koma Kazaure, shi ne ta kai maganin haƙori rugar surukarta, can bayan duwatsun Roni.

Ni na koya wa Nafisat aikin jinya, kuma ban taɓa yi wa ɗalibin da na yaye sassauci ba. A tsarin da muka tashi a kai, ba a taɓa majinyaci sai an dube shi. Fuska tukuna, sannan ido, dasashi, wuya, hammata, ciki, a jere, babu tsallake. Nafisat ta riƙe wannan fiye da kowa a ajinsu, shi ya sa aka damƙa mata yaran wannan yanki masu ciwon daji. A Kano ake yi musu magani mai ƙarfi. Ita kuwa takan bi su gida-gida daga Babura har Gwiwa, ta auna zazzaɓi, ta rage musu raɗaɗi, ta lallashi iyayen da suka gaji su sake komawa. Daga ƙofar gida take hango kumburin muƙamuƙi, kuma ta sha tsayawa a tsakar gidan mutane tana faɗa: “Ina idonku yake har abu ya kai haka?” Yaran kuwa suna son ta. Takan ɗora su a cinya, ta shafa kawunansu da magani ya kakkaɓe wa gashi, tana yi musu wata 'yar waƙa ta hanci marar baiti, wadda ita ta ƙaga abarta.

Yarinya ɗaya ce a duk ƙasar nan da ba ta ɗorawa a cinya, ita ce 'yarta ta fari.

Gidan mijinta Sabiru Fulani ne masu riƙon alkunya, ita ma a kan haka ta tashi. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta ruga wurin kakarta, wadda kowa ke kira Inna. Sunan Inna aka raɗa mata, Khadijatu, saboda haka jama'a suka saya shi da Uwa. A wurin Nafisat kunyar ta zama biyu, ga sunan 'yar fari, ga sunan suruka. Ko Uwan ba ta faɗa. “Ke” take cewa idan ta kama dole. Idan yarinyar ta kawo mata ruwa, takan karɓi ƙwaryar tana duban wani wuri. Ita kuma yarinyar Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Mutane suna yaba Nafisat a kan haka, suna cewa boko bai cinye mata tarbiyya ba.

Da hantsin ranar Sabiru ya kira ta daga Dutse, inda yake aiki.

“Inna ta ce tunda kullum kina zuwa, ki taho da maganin haƙori, kuncin Uwa ya tasa. Ashe kin koma 'yar ruga ban sani ba?”

“Gatse Inna take yi mini,” in ji ta. “Rabona da can tun Babbar Sallah. Zan je yau.”

Daudu, ɗan acaɓar da ke yawo da ita ƙauyuka, dattijo ne mai furfura a gemu. Suka bar kwalta, suka bi burji, suka bar burji suka shiga hanyar shanu. A bakin wani rafi ya kashe babur.

“Sista, iyakar ƙarfe ke nan. Taɓo ne har ƙauri. Zan jira ki, amma don Allah kada magariba ta same ni a nan.”

“Kai da gemunka, Daudu?”

“Gemun nan gashi ne kawai, ranki ya daɗe.”

Ta yi dariya, ta tattare farar rigarta, ta tsallake ta kan duwatsu. Duk da haka taɓo ya ɓata mata gefen riga da takalmi.

Hanyar siririya ce, ta ratsa gonar dawa. Kara ta dama, kara ta hagu, sama kuma 'yar tsaga ce ta jan haske. Babu iska. Ƙanshin ɗanyen ganye da na kashin shanu ya cika wurin. Takalminta na aiki yana da wani ɗan kuka idan ta taka, ƙiƙ, ƙiƙ, yaran asibiti da shi suke gane zuwanta. Almakashi kuma na bugun kwanon auduga a cikin jaka.

Ta tsaya ta gyara ɗankwali.

Kukan takalmin bai tsaya ba.

Ƙiƙ. Ƙiƙ. A gabanta, bayan lanƙwasar hanya. Ya yi nisa kaɗan, sannan ya ɗauke.

Ta gaya wa kanta cewa tsuntsu ne. Ta ci gaba. Can sai wani wari ya daki hancinta, warin da ta fi sani a duniya, na sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura. Ta duba jakarta ko kwalbar ta fashe. Murfin a ɗaure yake, a bushe. Kuma a ƙarƙashin warin akwai wani, na ruwan da ya daɗe a kwance.

Ta yi bisimilla, ta ƙara sauri.

Da ta isa ruga, maruƙa suna ɗaure a dangwali, hayaƙi na tashi daga murhu. Inna na zaune a ƙofar bukka tana wanke ƙore. Nafisat ta cire takalmi, ta durƙusa nesa kaɗan, ta sunkuyar da kai.

“Barka da yamma, Inna. Mun same ku lafiya?”

Tsohuwar ta ƙarasa wankin da ke hannunta. Ta kife ƙwarya, ta goge hannu a zane.

“Yau kuma an tuna da gaisuwa?”

“Ki yi haƙuri, Inna. Aiki ne ya riƙe ni.”

“Wane aiki? 'Yar nan, na yi shiru har shirun ya ishe ni. Tun da gero ya fitar da kai, babu almurun da ba ki zo gidan nan ba. Ba sallama, ba gaisuwa. Ki zagaya bayan bukka, ki ɗauki yarinya ki ɗora a cinya kamar ba ke kika haife ta ba. Kuma ki buɗe baki ki kira sunana gatsau, makiyaya suna ji. Ni nake ɓuya a ɗaki saboda kunyarki. Ko ɗana na kasa gaya wa duka.”

Nafisat ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi a gaban surukarta ba.

“Inna, wallahi rabona da nan tun Babbar Sallah.”

“Kada ki rantse. Yanzun nan kika ja hannunta kuka nufi tafki.”

Inna ta dube ta daga sama har ƙasa. Idonta ya sauka a kan gefen rigar Nafisat, inda taɓo ya bushe. Ta daɗe tana kallonsa.

“Rigar waccan,” in ji ta a hankali, “ba ta taɓa yin datti ba.”

Wani maraƙi ya ja igiya ya yi kuka. Sauran suka ɗauka.

Nafisat ta yar da jaka. Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Tafkin yana gindin wani baƙin dutse, yamma da ruga. Damina ke cika shi, kuma makiyayan wurin ba sa shayar da shanu a cikinsa idan rana ta karkata. Ta bi ta cikin dawa da gudu, ganye na yankar fuskarta. A bayanta tana jin sandar Inna da numfashinta. A gabanta kuma wani sauti ya fara tasowa.

Waƙarta ce. Ta hanci, marar baiti. Har da ɗan tsayawar da takan yi a tsakiya don ta ja numfashi.

Kara ya ƙare. Ta tsaya cak.

Kwaɗi sun yi tsit. Ruwan ko motsi ba ya yi. A bakinsa wata mace na zaune cikin farar riga, ta ba ta baya. Ɗaurin ɗankwalinta ne. Faɗin kafaɗarta ne. A kan cinyar matar yarinya na kwance, ana shafa mata kai.

Sauran hasken rana ya faɗa a kan fuskar yarinyar, Nafisat ta dube ta.

Fuska tukuna. Kuncin dama ya kumbura har ya ja baki gefe. Sannan ido. Na dama ya fara turowa waje. Baki a buɗe, haƙoran ƙasa sun karkace daga mazauninsu.

Wannan ba ciwon haƙori ba ne. Ta san sunansa. Ta san bai kai haka cikin kwana biyu ba. Ta tuna ranar Sallah, yarinyar ta kawo mata fura, ta tsaya kusa da ita tana dafe da kunci, ita kuwa tana duban danga.

Ina idonku yake. Muryarta ce ta dawo mata, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Matar ta miƙe. Ba ta dafa ƙasa ba, ba ta lanƙwasa ba, ta dai miƙe. Ta kama hannun yarinyar.

“Khadijatu,” in ji ta, da muryar Nafisat, a sake, babu ko gargada. “Taho in wanke miki ciwon.”

Suka taka cikin ruwa. Ƙafar yarinyar ta yi ƙara. Ta matar ba ta yi ba.

“Ke!” Nafisat ta yi tsawa. “Ke yarinya! Dawo nan!”

Yarinyar ta waiwayo. Ta dubi wadda ke bakin gona, ta dubi wadda ke riƙe da hannunta. Babu tsoro a fuskarta, sai gajiya.

“Ga Addata nan,” in ji ta da ƙyar, saboda kumburin. “Ita tana kallona.”

Ta juya. Ruwa ya kai mata cinya.

Inna ta iso tana haki. Ta ga abin da ke cikin ruwa, ta ga surukarta a gefenta, sandar ta faɗi daga hannunta. Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu, muryarta na kakkaryewa. A tsakiya ta yanke ta ƙwala kira.

“Uwa! Uwa, ni ce Inna!”

Ko gezau.

Ruwa ya kai ƙugu.

Nafisat ta faɗa cikin tafkin. Sanyinsa ya wuce na ruwan damina. Taɓo ya kama ƙafarta, kowane taku sai ta fizge. Su kuwa suna tafiya a hankali, amma tazarar ba ta raguwa.

“'Yar nan,” Inna ta ce daga baya, cikin raɗa. “Kira ta.”

“Ina kira, Inna.”

“Da sunanta.”

Nafisat ta buɗe baki. Harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Tun ranar suna take haɗiye wannan kalma. Ga mai sunan a bayanta tana ji. Ko a wannan hali, da 'yarta a cikin ruwa, kunya ta kama ta, kuma ta ji kunyar wannan kunyar.

“Inna, sunanki ne.”

“Na ba ki shi! Kira ta!”

Ruwa ya kai ƙirji.

“Kha…” Iska ce kawai ta fito.

Waƙar hancin ta ƙara ƙarfi.

“Khadija…tu.”

Ƙarama ce muryar, tana rawa, ta karye a tsakiya. Amma yarinyar ta tsaya.

“Khadijatu! Ni ce na haife ki. Juyo in ga fuskarki.”

Waƙar ta yanke.

Yarinyar ta juyo duka jikinta. Tazarar da ta ƙi raguwa ta zama taku ɗaya. Nafisat ta kama fuskar da hannu biyu, ta dube ta sosai, ta kafe ta da ido kamar yadda take yi wa 'ya'yan mutane. Fatar na da zafi. Tana da ɗan tabo a gira wanda uwar ba ta san da shi ba.

Sai warin sifirit da na ruɓaɓɓen ruwa ya rufe ta.

Matar ta juyo.

Fuskarta ce. Hancinta, ƙaramar wushiryarta, har layin da ɗankwali ke bari a goshi. Tana murmushin da Nafisat ke yi wa yara kafin allura. Idanun ne kawai ba sa ƙiftawa. Rigarta a cikin ruwa take, amma a bushe.

Ta matso da bakinta kusa da kunnen Nafisat. Numfashinta sanyi.

“Sai yau?” in ji ta. “Ni na fara ganin kumburin.”

Nafisat ta sunkuyar da kai. Gaskiya aka faɗa mata.

Ta rungume yarinyar a ƙirji, ta rufe ido, ta ɗauki ayar daga inda Inna ta yanke. Ta ja da baya. Hannun yarinyar na hagu bai biyo ba, ana riƙe da shi.

Ta ja. Aka ja.

“Khadijatu, sake ta.”

“Ita ta riƙe ni, Adda.”

Nafisat ta sake kiran sunan, ta kuma kira, tana cusa shi a tsakanin kalmomin ayar. Daga gaɓa Inna ta shigo ruwa har ƙauri, ta miƙo sanda. Nafisat ta cafke.

Can nesa, daga wani ƙauye, ladan ya ɗaga murya.

Riƙon ya saki.

Suka faɗi a taɓon gaɓa su uku. Wani abu ya fizgi gefen rigar Nafisat ta baya, ƙyallen ya yage, ta ji shi yana tafiya cikin ruwa. Ba ta waiwaya ba. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta kama hannun tsohuwa, suka shige cikin dawa.

A bayansu, a hankali, takalmi ya yi kuka. Ƙiƙ. Ƙiƙ.

Bai biyo su ba. Kewaya tafkin yake yi.

Daudu ya ce da ya hango ta ta fito daga gona ba takalmi, goye da yarinyar da ta isa aike, bai tambayi komai ba, ya tayar da babur. Washegari da sassafe suna Kano. Likitan da ya duba yarinyar ya san Nafisat shekara da shekaru. Ya ɗaga haɓar, ya haska ido, ya girgiza kai.

“Sista, ke ma kin ga aikin mutanenmu. A wane gida aka zuba wa wannan ido har ta kai haka?”

Daga baya ta gaya mini cewa ta fi jin nauyin wannan tambaya a kan duk abin da ta gani a tafki. Ɗalibai na tsaye, nas-nas na tsaye.

“Tawa ce, likita,” in ji ta. “Ni na haife ta.”



Allah Ya sa ba a makara gaba ɗaya ba. Kumburin ya saɓe bayan an fara magani, gashi ya zube ya sake tsirowa, sai dai idon dama bai koma daidai ba. A wuyan hannun hagu kuma akwai shatin yatsu, fari fat, wanda likitoci suka duba suka rasa abin cewa. Inna ta sa an tayar da rugar zuwa gabas da dutse. Yanzu yarinyar tana Kazaure wurin uwarta, kuma Inna ce da kanta ta ce a bar ta can. Idan ta zo duba jikarta, Nafisat ta kira sunan a tsakar gida, tsohuwar takan juya ta shiga gyaran tabarma kamar ba ta ji ba.

Nafisat ta daina yi wa iyaye faɗa, ta kuma daina waƙar. Duk gidan da ta shiga, kafin ta buɗe jaka, takan tambaya wane ne ɗan fari, ta sa uwar ta zauna kusa ta riƙe masa haɓa. Wasu matan sukan rufe fuska da mayafi suna dariya, wasu su yi fushi. Takan jira. Da ta ba ni wannan labari kanta a sunkuye yake daga farko har ƙarshe, kuma na ƙara wannan tambaya a gaban jerin da nake koyarwa, abin da ban taɓa yi wa jerin ba tun da na karɓe shi daga malamaina.

Abu ɗaya ne bai gushe ba. Idan almuru ta yi, Nafisat ta dawo daga aiki cikin farar riga, yarinyar ba ta tahowa. Takan tsaya a ƙofar ɗaki, hannu a bayanta, tana kallo.

“Faɗi sunana,” takan ce.

Nafisat takan dubi ƙasa tukuna. Har yau sunan bai saba da bakinta ba, sai ya fito yana rawa, ya karye a tsakiya. Sannan yarinyar ta taho da gudu.

Wata rana uwar ta ce mata, “Ki yi haƙuri, zan koya. Wata rana zan faɗe shi daidai.”

Yarinyar ta ƙanƙame ta, ta girgiza kai.

“Kada ki koya, Adda. Waccan ce take faɗarsa daidai.”